Garin Tuwon Zalika

Zalika 'yar ƙanwata ce, a Gangara aka haife ta, kuma tun tana ƙarama ba ta iya zama wuri ɗaya. Ta sayar da ƙuli-ƙuli, ta yi kitso, ta taɓa kiwon zabi har suka gudu dajin Tarka suka bar ta da kwando. Da mijinta ya rasu, saniya ɗaya ta gada, ja mai farin goshi, wadda nononta ke riƙe da 'ya'yanta uku.

Bara 'yan furoje, masu aikin tallafa wa mata, suka kira ta horo a Tanut, kwana biyar. Ta dawo da jaka da hula da sabon tunani. Za ta sayar da saniyar, ta kama shago bakin kasuwa, ta riƙa ƙulla garin tuwo a leda, surfaffe, wankakke, tankaɗaɗɗe. Mace ta saya ta zuba a tukunya kawai.

"Inna, na yi bincike," in ji ta. "Mata talatin na tambaya, kowa ta ce za ta saya."

"Me suka ce daidai?"

"Sun ce Allah ya sa albarka."

Na yi dariya har goro ya sarƙe ni. "Ke 'yar nan, ko gawayi kika ce za ki kai Agadas a kai, haka za su ce. Wace ce a garin nan za ta dubi marainiyar Allah ta ce mata a'a? Bar saniya ta ci ciyawarta. Daka tiya uku da hannunki, ki kai kasuwa mu gani."

Ranar kasuwa ta baza ledojinta a tire, ni kuwa na zauna gefe ina kallo. Mata suna zuwa, su ɗaga leda, su yaba laushi, su aje. Rahamatu matar limami har cewa ta yi da ƙarfi, don surukarta ta ji, "Ni da rumbun mijina cike, in sayi gari? Hannuna ya karye ne?" Har la'asar leda ɗaya ta fita, wani gwauro malamin lakwal, makarantar boko, ya saya.

Zalika ta koma gida fuska a kumbure. Washegari da hantsi ina tsakar gidanta sai ga Rahamatu, wai ta zo aron rariya. Ta shige ɗaki, ta fito rariyar a ƙarƙashin hijabi, ta yi nauyi kamar mai ciki wata shida. Kafin azahar mata huɗu sun zo aron rariya. Gidan da rariya ɗaya ce tak!

"To, malamar bincike," na ce, "kin ga masu sayen garinki. Suna so, amma ba a gaban surukai ba. Shagon bakin kasuwa na wa?"

Sai ta ɗauko adda ta yanke darnin bayan gida, ta yi 'yar ƙofa mai fita hanyar rijiya.

Saniyar tana nan a turkenta, bana ma ta haihu. Zalika kuwa tana ɗaukar gero zuwa injin niƙa sau uku a mako, kuma mazan unguwa sai yabon matansu suke yi a majalisa, wai tuwon bana ya fi na kowace shekara laushi. Ni dai bakina a rufe yake, muddin ledata tana iso ni kowace Juma'a.