Gidan Ummaru a Kan Gonar da Ba a Raba Ba

Bana shekara goma sha tara ke nan da muka kai Ummaru makwancinsa a Aliero. Abokina ne tun muna makarantar allo, manomin albasa, mutum mai taurin kai da saurin dariya. Ni na bi boko na zama malamin gona, na zauna a Jega, shi kuwa ya tsaya gida. Ba don in jero halayensa na kirki na ɗauki alƙalami ba, waɗanda suka san shi sun san su. Maganar gidan da ya gina ce ta sa ni rubutu, domin matarsa Kulu tana cikinsa har yau, kuma zamanta a ciki ya zama abin da ake jira a ga ƙarshensa.

Yaran yanzu ba za su yarda ba in aka ce musu a da ba a sayen gida a ƙasarmu. In mutum ya isa aure, sai dattijon gida ya nuna masa gefe, ko a kai wa mai gari goro ya yanka masa wuri. A kira gayya, a kwaɓa ƙasa, a yi tubali, a ɗora jinka. Abin da mai gida zai kashe bai wuce na fura da tuwon masu aiki ba. Sai dai irin wannan gida kullum yana neman mai shi: kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, in an bari damina biyu ya koma ƙasar da aka ɗebo shi. Shi ya sa ba wanda ya damu da ko ta wane ne ƙasar da ke ƙarƙashin ɗaki. Kwano da siminti ne suka zo suka canza wannan, don su ba sa narkewa, suna nan bayan mai su ya tafi.

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, aka kwaso ma'aikata daga Sakkwato aka zube a Birnin Kebbi, ga mutane ba ɗakuna. Kuɗin haya ya yi tashin da ba mu taɓa gani ba. Wasu abokan aikina a Jega suke kwana, su bi motar asuba su tafi ofis. A lokacin ne kowa ya farga cewa ɗaki ma haja ne. Ni na karɓi rancen gina gida ta wurin aiki, aka riƙa yankar albashina har na kusa ritaya, kuma ban ji daɗin yankan ba ko wata ɗaya. Amma kafin a ba ni sai da na kawo takardar fili mai sunana, an auna, an kafa duwatsu a kusurwoyi.

Ummaru ma ya tashi gina gidan bulo a waɗannan shekarun. Wurin da ya zaɓa gefen gonar mahaifinsu ne, ta bakin hanyar Jega. Mahaifin ya daɗe da rasuwa, amma ba a raba gonar ba. Shi da yayansa Garba suna noma ta tare a gandu, kamar yadda suka taso suka tarar, 'yan'uwansu mata kuma ana aika musu da hatsi bayan kaka. Garba ne ya taka wurin da ƙafarsa ya nuna masa inda zai sa harsashi.

Na sami Ummaru a gona na ce masa, kafin ya zuba buhun siminti ɗaya, ya sa a raba gadon nan, a fitar masa da nasa, ya yanki takarda a ƙaramar hukuma. Na ƙara da cewa in yana da takardar ko banki zai saurare shi. Ya dube ni kamar na zage shi.

"Shehu, kai dai boko ya gama da kai. In tashi in ce ma Yaya a raba gona shina da rai? Mi nic ce mishi ke nan? Na ce ban yarda da shi ba."

Na ce ba Garba nake tsoro ba, bayan Garba nake tsoro. Ya ce, "Bayan Yaya akwai Allah. Bankin ga naku kuwa, ku da kunka iya cin ruwa ku je ku sha." Ya yi dariya, ya cika mini buhu da albasa, aka bar maganar. Ban sake tayar da ita ba, don a garinmu wanda ya nace a kan rabon gadon gidan wasu, sunansa mai raba zumunci.

Albasa ce ta gina gidan. In an cire ta sai ya zuba a rudu, wato rumfar karan da ake ajiye ta iska na ratsawa, ya hana kansa sayarwa har sai ta yi tsada motocin Kudu sun fara layi. Shekarar da ta yi kyau a sayi bulo, wata shekarar katako, wata kwano. Shekarar da ta ruɓe a rudu ginin ya tsaya, awaki su kwana a ciki. Siminti kuwa bai taɓa jiransa ba, duk sanda ya koma kasuwar Jega sai ya tarar ya ƙara kuɗi. Kulu ta sayar da tumakinta da kwanonin jerenta aka sa ƙofofi da tagogi. Sai da babbar 'yarsu ta kusa aure suka tare, shi kuwa bai yi damina biyar a ciki ba ciwon ajali ya same shi. Ya bar Kulu da 'ya'ya mata uku.

A yi wa Garba adalci, Allah ya jiƙansa. Muddin yana raye ba wanda ya isa ya ɗaga wa Kulu murya a kan gidan nan. Abin da Ummaru ya faɗa a kan yayansa gaskiya ne. Amma jami'a ta zo Aliero, ɗalibai suka cika gari suna neman ɗakin haya, gonar bakin hanya ta zama abin da masu kuɗi ke tsayar da mota su duba. Garba ya rasu, 'yan'uwansu mata suka rasu, magada suka yi yawa. Akwai wanda ke Legas yana dako, akwai wadda aka aurar a garin Gumbin Kure, akwai masu neman kuɗin makaranta. Ba miyagu ba ne, kuma haƙƙinsu suke nema. Wani mai gina ɗakunan haya ya taya gonar gaba ɗaya, ya ce in ba da bakin hanya ba, ba ya so.

An kira ni zaman da aka yi a zauren liman. Malamai suka yi bayani dalla-dalla: ginin na magadan Ummaru ne, ƙasar da yake kai ta kowa ce, kuma rabon Ummaru a cikinta bai kai faɗin gidan ba. Ba wanda ya yi ƙarya a zaman nan, ba wanda ya yi zagi. Aka sasanta a kan cewa Kulu za ta zauna iya rayuwarta, bayanta a kimanta ginin a biya 'ya'yanta, a sayar da wurin. Mai saye ya ce ba komai, zai jira. Kowa ya yi hamdala aka shafa fatiha. Ni dai raina ya ɓaci, kuma har yau ban san da wa zan yi fushi ba.

Nakan tambayi kaina me Ummaru zai ce da ya ga Aliero ta yau, inda kango ke da farashi kafin a sa masa rufi, inda ƙane ke kai wa yayansa takarda ya sa hannu ba wanda ya ji kunya. Ina jin zai ce mun lalace. Ina kuma jin da za a mayar da shi, ba zai iya buɗe baki ya ce wa Garba a raba ba. Kunyar da ta sa mutane ke yi masa addu'a har yanzu, ita ce ta bar matarsa a wannan hali, kuma ban iya raba ɗaya da ɗaya ba. Gini ya tsaya, ko tsagewa bai yi ba. Sunan kirki ma ya tsaya.

Ranar Juma'ar da ta wuce na biya na gaishe da Kulu. Ta tsufa, ƙafa ta fara ba ta wahala, amma bakin yana nan. Ta ce mini yanzu ba ta rasa masu gaisuwa, 'ya'yan dangi har daga nesa suna bugo waya su tambayi jikinta. Na ce ai zumunci ne. Ta gyara ɗankwali.

"Wataƙila zumuncin na, Malam Shehu. Ɗiyana na su duka, ni na yi goyon wasunsu. Amma wallahi yanzu in wani ya ce mani ina jiki, sai in rasa amsar da za ta yi mishi daɗi."