Jinyar Hannun Mai Gurmi

Ni mutumin Damagaram ne, aikin koyarwa ya kawo ni Arlit, garin da kowa baƙo ne. Wani ma'adini ya kawo shi, wani kuma ya biyo wanda ma'adinin ya kawo don ya sayar masa da shinkafa. Da la'asar muna zama a fada, wato majalisar shayi, ƙofar gidana, mu wajen goma, kowa da garinsu da yake kuri da shi. Ba ma shiri a kan ƙwallo, ba ma shiri a kan siyasa, ko sukarin shayi sai an yi gardama. Abu ɗaya ne babu musu a kansa, wani tsoho mai gurmi daga ƙauyukan Gobir.

Tun ina ɗan makaranta nake jinsa a rediyon mahaifina. Kaset ta mutu muka koma faifai, faifai ya mutu muka koma waya, shi kuwa yana nan. Ranar da kewar gida ta kama ni, in na sa shi sai in ji ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari, abin da a Arlit sai ka shekara ba ka shaƙa ba. Amma ban taɓa zama gabansa yana kaɗawa ba, kuma abin ya tsaya mini a rai. So nake gani ya kori ji kafin ɗayanmu ya mutu, kuma ga dukkan alamu shi ne gaba a layi.

Da muka ji yana zagayen wasa har ya kai Agadas, shugaban fadarmu, wani ƙaton mutumin Maraɗi mai tuƙa motar da ke kai ma'aikata ma'adini, ya yi ta buga waya har tsohon ya yarda ya ƙaraso. Muka kama fili a gidan matasa, muka ɗinka anko. Ni da furfurata na ɗinka anko.

Duk wanda ya san hanyar Agadas zuwa Arlit ya san kwaltar suna ce kawai. Direbobi sauka suke yi su bi yashin gefe, don ya fi ta laushi. Ranar da za su iso, da hantsi, taya ta fashe, motarsu ta kife. Allah Ya kiyaye ba a rasa rai ba. Wani Ba'abzine makiyayi daga wajen Gugaram ne ya fara isa wurin, shi da wasu masu babbar mota suka jawo tsohon daga ƙarƙashi. 'Yan amshinsa biyu ƙwarzane kawai suka samu. Shi kuwa haƙarƙari ya taɓu, ga karaya a wuyan hannun dama, hannun da yake bugun tsirkiya da shi. Gurmin, ƙwarya da fata, ko tsagewa bai yi ba.

Haka na fara ganinsa, a gadon asibiti, ɗan ƙaramin tsoho ramamme, hannu cikin farin simintin likitoci har gwiwar hannu, yana kallon rufi. Shekara da shekaru ina shirya abin da zan faɗa masa in mun haɗu, abin da ya fito bakina shi ne sannu. Likita ya ce ƙashi zai haɗe, yatsu kuma sai abin da Allah Ya yi, ya kuma hana a sake ɗora shi a kan wannan hanya sai ya warke. Muka nuna jimami a fuska. Ni dai zan faɗi gaskiya, a cikina wani abu tsalle ya yi. Wata uku zai yi a garinmu.

Aka yi rigimar gidan da zai sauka kamar ana rabon gado. Ni na ci, don ina da ɗaki a zaure kuma gidana ya fi kusa da asibiti. 'Yan amshin suka koma gida bayan mako guda, jinya ta dawo hannunmu. Ba wanda ya furta, amma kowa ya san tsarin. Hannun nan a Arlit zai warke, kiɗan farko da zai yi kuma a Arlit zai yi shi. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, mu kuwa mun wanke ta har tana ƙyalli.

Labari ya bazu, gidana ya koma kasuwa. 'Yan kabu-kabu, ma'aikata da kayan aikinsu kafin su shiga mota, mata masu tuwo, 'yan kasuwar Kano da Katsina, kowa da langa a hannu. Kaji suka shiga uku a unguwar. Ba'abzinen nan ma yakan aiko da nonon raƙumi duk ranar da mota ta biyo ta wajensu, ya ce shi ke ɗaure ƙashi. Matata ta haifa mini 'ya'ya biyar ban taɓa sanin inda ake sayar da ƙafar saniya ba, sai ga ni kullum ina dawowa daga mahauta da ita a leda. Kallo kawai take yi mini, gara ma ta yi maganar.

Sai masu magani. Mutanen Tawa suna da maɗorinsu, Katsinawa suna da nasu, kowa yana cewa a fasa simintin a kai wa nasa. Na tsaya a ƙofa da muryar da nake tsawata wa 'yan aji. Hannun ba nawa ba ne, amma wallahi na fi mai shi kishinsa.

Don mu ƙarfafa masa gwiwa, muka rataye gurmin a bango daidai inda in ya buɗe ido shi zai fara gani. Kwana biyu sai ya kira ni.

"Mushe, ku ɗauke mini abin ga daga nan."

Mushe suke ce mini, kamar kowane malamin makaranta. Na ce, "Haba Baba, kada ka yanke ƙauna. Allah Zai tashi kafaɗarka."

"Ba wannan ba. Ni hwa gurmin ga..."

"Likita ya ce ka huta, ban da yawan magana. Ga farfesu."

Ya dube ni, ya dubi farfesun, ya karɓi cokali da hagu. Na fita na ba fada rahoto cewa baƙin ciki na damun tsoho, a ƙara lallashi. Daga ranar, duk lokacin da ya fara wannan maganar, kafin ya kai tsakiya an rufe shi da addu'a. Mutum goma suna amin, ina tsoho mai ciwon haƙarƙari zai kai labari. Mu a wajenmu gata muke yi masa.

Ni ne ma na je na roƙi limamin unguwarmu, wani dattijo mutumin Tawa, ya riƙa zuwa kowace safiya yana tofa wa hannun addu'a. Yakan shiga ya daɗe. In na dawo daga makaranta da rana wani lokaci har yanzu suna ciki, suna hira ƙasa-ƙasa suna dariya. Na ji daɗi, na ce hannu ya samu likita ya samu malam, sai wane.

Aka cire siminti. Hannun ya fito siriri, fari, yana saɓa. Likita ya ce a riƙa matsa abu mai laushi, na kawo ƙwallon roba. Kowace la'asar fada na jiran labari kamar sakamakon jarrabawa. Yau ya riƙe kofin shayi. Yau ya ja carbi. Ranar da ya ɓalle maɓallin rigarsa da kansa, shugaban fada ya tashi ya taka rawa a bakin titi, da tumbinsa da komai.

Muka sa ranar walima, Juma'a bayan la'asar. Aka yanka rago, aka kafa rumfa, ankon da ke ƙasan akwati ya fito. Da aka ci aka sha, shugaban fada ya ɗauko gurmin da hannu biyu ya durƙusa ya miƙa. Wayoyi suka tashi sama. Ni ina gaba, gwiwata na taɓa tabarmarsa.

Ya karɓa ya ɗora a cinya. Bai taɓa tsirkiya ba.

"Jama'a, yau dai ku bari in kai ƙarshe," ya ce. "Sa'adda motar ga tak kihe, ina ƙarƙashi, mai na ɗiga bisa wuyana, ina jin warinai. Nic ce, Allah, in Ka hisshe ni nan, na bar kiɗi. Yah hisshe ni. Tun ran da kunka kawo ni gidan ga nike son gaya muku, kunka hana. Abin da kunka yi min, ɗiyan cikina ba su yin wanda yah hi shi. Allah Shi biya ku. Amma na bari."

Ya sa yatsun nan da muka yi wata uku muna kiwo, ya kwance tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe ya sa aljihu. Ko rawa yatsun ba su yi ba. Aiki ya yi kyau, ba abin da za a ce wa likita.

Wani daga baya ya ce masha Allahu, sauran suka bi, don ba wanda zai yarda a gan shi yana baƙin ciki mutum ya cika alkawarin da ya yi wa Ubangijinsa. Ni ma na ce masha Allahu. A zuci kuwa haushi ne ya turnuƙe ni, kuma Allah Ya gafarta mini, kaji na tuna, da ƙafafun saniya, da ranar da na yi ta sha a hanyar mahauta.

Washegari na samu liman a ƙofar masallaci. Na ce, "Allah gafarta Malam, ka san da maganar nan?"

"Tun satin hwarko."

"Ya aka yi ya gaya maka bai gaya mana ba?"

"Ni na bari ya ida maganatai, Mushe."

Na haɗiye wannan. Na ce to, ba wata ƙofa? Ya yi murmushi ya ce shi ma da ƙuruciya ya taɓa bin tsohon nan biki da ƙafa, kada in ɗauka ni kaɗai abin ya taɓa. Ya ce in rantsuwa ce mutum ya yi, akwai kaffara, a ciyar da miskinai goma. Sauran bayanin da ya yi ban tsaya ji ba. Kafin azahar fada ta gama shiri. Goma me, ɗari za mu ciyar, shinkafa da nama.

Muka shiga ɗakin tsohon mu duka. Na yi bayani tiryan-tiryan, har da misali, kamar ina gaban allo. Ya saurara har na gama, abin da mu ba mu taɓa yi masa ba.

"Mushe, ƙarƙashin mota nike, ban tsaya zaɓen magana ba. Shi da niy yi da Shi Ya san abin da nic ce. Kuma ba da ku niy yi alkawalin ba."

Muka fita ɗaya bayan ɗaya, kowa yana neman takalminsa da ido a ƙasa.

Bayan kwana uku na raka shi tasha da safe, ni kaɗai, sauran suna wajen aiki. Motar Agadas ba ta cika ba, muka zauna a benci ƙarƙashin rumfar mai shayi. Har lokacin ina fushi, shi ya sa na mai da ido kan masu ɗaurin kaya. Shi kuma idonsa na can nesa.

Can na dubi ƙasa, sai na ga hannun damansa a kan gwiwa yana motsi. Manuni da babban yatsa suna bugun yadin wandonsa, suna hawa suna sauka, shi bai ma sani ba. Ban ji sauti ba, amma na gane waƙar. Ita ce wadda mahaifina ya fi so. Na bi ta da ido tun daga shigarta, ina riƙe da numfashi kada in tashe shi, har ta kusa kaiwa inda 'yan amshi suke karɓa.

Sai ya lura. Ya dubi hannun ya ɗan jima, sannan ya ɗora na hagu a kai ya danne. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na ga ya kau da kai yana istigfari ƙasa-ƙasa. Nan fushina ya zube, kunya ta kama ni. Wata uku ina lissafin wasa ɗaya da zan rasa, ban taɓa tambayar kaina abin da shi ya ajiye ba, mutumin da tun kafin a haife ni gurmi ke cinyarsa.

Aka kira fasinjojin Agadas. Na ɗauki jakarsa, ya tashi yana riƙe da hannun nan har yanzu, bai sake shi ba sai da zai kama ƙofar mota.