Ɗakin Inna da Mai Ɗaukar Hoto

A unguwarmu a Bungudu, idan iska ta yaye wa mutum kwano ba ya aika kiran kowa. Kafin ya gama salati maza sun cika ƙofar gida, wannan da guduma, wancan da tsani, wasu sun bazu cikin gonaki suna tsinto fallayen da suka tashi. Mata su ɗora tukunya. Kafin magariba an mayar da rufi, ko da a karkace ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, babu gidan da bai hau rufinsa ba a layinmu.

Bayan rasuwarsa na dawo gida na zauna da Inna, mahaifiyarmu, ina koyarwa a firamare. Yayana yana aikin gwamnati a Gusau, kuma mutum ne mai son a ce ya waye. Wata Asabar ya zo da fara'arsa, wai ya yi wa gidan inshora, idan gobara ko iska ta yi ɓarna kamfani zai biya. Inna ta sa masa albarka, ba don ta gane ba. Ni dai da bazara ta zo na kira kafinta ya ƙara ƙusoshi, ya ɗaure katakan da waya, muka jera duwatsu a bisa kamar yadda muka saba.

Duk da haka iskar farkon damina ba ta raga mana ba. Hadari ya taso daga gabas bayan la'asar, muna zaure muka ji ƙara, muka fito muka tarar da ɗakin Inna a buɗe yana kallon sama. Ginin ƙasa ne, mahaifinmu ya gina shi da hannunsa, a ciki aka kawo ta amarya, a ciki ta haife mu duka. Yayana ya sha cewa zai rushe shi ya yi mata na bulo, tana cewa sai bayan ranta.

Ruwa na ɗaukewa makwabta suka iso, wasu suka tsinto kwanon daga gonar gero. Tsohon aminin mahaifinmu, wanda duk muke kira Baba, har ya kafa tsani ya hau, da furfurarsa. Na kira yayana don in sanar da shi, sai na ji ya daburce. Wai kada a taɓa komai. Wai an gaya masa sai ma'aikacin kamfani ya zo ya ɗauki hoton ɓarnar yadda take, in ba haka ba sisi ba za a bayar ba. Na ce masa damina ce fa, kuma bangon ƙasa ne. Ya ce ni me na sani game da inshora, in miƙa wa Baba wayar.

Har yau idan na tuna fuskar dattijon nan raina yana ɓaci. Ya saurara, ya sauko daga tsani a hankali, ya miƙo mini wayar.

"Ya ce mu bari, akwai masu zuwa daga Gusau," in ji shi. "Kwanon ga da kunka ɗauko ma, wai a maida shi inda anka gane shi."

Da idona na ga magidanta sun sake ɗaukar fallayen kwano a ka, sun koma da su gonar gero sun ajiye, don hoto ya yi kyau. Tuwon da mata suka tuƙa ba wanda ya tsaya ci.

Muka kwashe kayan Inna zuwa ɗakina, muka shiga jira. Yau a ce gobe, gobe a ce mai zuwan ya tafi Tsafe duba wani shago. Shi kuwa ruwan sama bai san ana jiran kowa ba. Na aro tampol zan rufe, yayana ya ce ko leda kada a sa. Na rantse sai na rufe, Inna ta hana ni, ta ce shi ne uban gida yanzu, ba za ta sa ƙanwa ta take maganarsa a gaban unguwa ba. Kullum da safe takan je ta dafa bangon, ta kalli laimar da ke sauka daga sama. Wata safiya muna karyawa bangon gabas ya zauna, ya ja na kudu suka tafi tare.

Sai a lokacin mai hoton ya zo, saurayi mai ladabi, yana taka-tsantsan da takalminsa. Ya zagaya, ya ɗauki hotunansa, ko gonar bai leƙa ba. Ya yi mana bayani cewa kamfani zai biya rufi, tunda iska ce ta ɗauke shi. Bango kuwa ruwa ne ya kayar da shi daga baya, kuma haƙƙin mai gida ne ya rufe wuri don kada ɓarna ta ƙaru. Sakaci ya kira shi. Yayana, da ya biyo shi daga Gusau, yana tsaye, ya rasa inda zai sa idonsa.

Saurayin ya juya wajen Inna da tausayi. "Hajiya, ai da ko tampol ne kun sa. Ba ku da makwabta ne?"

"Muna da su, ɗana," in ji Inna. "Mu munka sallame su."

Ba zan yi wa kamfanin ƙarya ba, ya cika alkawari. An kawo kwano sabo fil, mai ɗaukar ido, sai dai babu bangon da za a ɗora shi. Yayana ya sake zancen bulo, Inna ta ce ya bar kuɗinsa, ita ɗakinta take so, wanda ya gina shi kuwa ba ya nan. Har yanzu a ɗakina take kwana, kamar baƙuwa. Kwanon yana nan a kan tudun ƙasar da ɗakinta ya koma, tana shanya kuɓewa a kai.