Kafen Yayana

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta da abin da na yi da kafen yayana ba, wato gahawarsa. Shekaru sun shuɗe, amma har yau abin yana raina.

Yayan nawa ya tafi kurmi tun ina goye. Shekara talatin ya yi a ƙasar Kodebuwa yana noman kafe, har ya mallaki 'yar gona. Da rikici ya tashi aka kore shi, ya dawo garinmu Tsarnawa ba mata ba ɗa, sai tari mai tsanani da wani ƙullin 'ya'yan kafe da bai cika tiya biyu ba. A gidana ya sauka, don iyayenmu sun rasu.

Mu mutanen shayi ne, shi kaɗai ke shan kafe. Da ƙarfinsa ya ragu sai ya koya mani yadda yake so. Kowace safiya in ɗebo abin da bai wuce cikin cokali biyu ba, in soya a kasko bisa garwashi har ya yi duhu, in daka a ɗan turmi. Ruwan kuwa da kofinsa nake aunawa, kofi ɗaya tak. In ya tafasa sai in sauke, in zuba garin, in bari ya kwanta, in tace da tsumma mai tsabta.

"Auta, kada ki soya na gobe yau," yakan ce. "Ƙamshin gudu shikai."

Ni kuwa abin ya ishe ni. Ga surfe, ga ɗiban ruwa, ga yara, sannan ga wannan ƙi-faɗi a kan kofi ɗaya. A zuciyata rowa na ɗauke shi. Ban taɓa zama na tambaye shi dalili ba.

Wata Juma'a abokan maigidana, malaman lakwal, wato makarantar boko, suka zo duba yayan nawa, su wajen takwas. Yana barci a ɗaki. Na ce bari in fita kunya, in nuna masu gidanmu ma akwai abin waje. Na juye fiye da rabin abin da ya rage a kasko, na soya, na daka, na dafa tukunya guda. Garin sauri har ya ƙone.

Ƙamshin ne ya tashe shi. Ya fito yana dafa bango daidai lokacin da baƙin ke kurɓa suna yamutsa fuska. Ɗaya ya faki ido ya zubar da nasa a gindin itacen bedi, wasu suka ajiye nasu ƙarƙashin benci, ƙudaje suka taru. Ya gaisa da kowa, bai nuna komai ba.

Da suka tafi ya zauna bakin murhu yana kallon tukunyar.

"Yaya, ai ana saida kafe a Konni. Sai a sawo wani," na ce.

"Wanga ba na kasuwa ba ne," ya ce a hankali. "Itacen da ni dasa da hannuna ne. Shi kaɗai ni samu hitowa da shi. Na auna shi ya kai ni damina."

Bai ƙara tada maganar ba, kuma wannan ya fi mani faɗa ciwo.

Ragowar ta ƙare cikin kwana goma sha biyu. Maigidana ya sawo na gwangwani daga Konni, na haɗa na kai masa. Ya sansana, ya yi mani godiya, ya juya fuskarsa bango. Haka kofin yakan huce kusa da shi kowace safiya, har ranar da Allah ya karɓi abinsa, sati uku kafin ruwan farko.

Ba na cewa kafe ne zai tsawaita kwanansa, wa'adi ba ya wuce ranarsa. Amma na raba mara lafiya da ɗan daɗin da ya rage masa don in burge mutanen da ba su ma so. Tun daga nan, in na ga mutum yana tattalin ƙaramin abu, ba na saurin kiransa marowaci. Nakan fara tambayarsa inda ya samo shi.