Buhun Kwal a Ranar Gayya

Ranar wata Asabar ce a watan Agustan 1998, da hantsi, a gidanmu na Rawayya. A tsakar gida akwai Inna, da Gwaggo Asabe ƙanwar Baba, da ni, ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Baba ya kira gayyar maimai, wato noma na biyu, maza wajen talatin suna gonar dawa tun da sassafe, kuma dole tuwo ya isa gare su da azahar. An kwana uku ana ruwa, itacenmu ya jiƙe sharkaf, kananzir kuwa a shekarar ko a Gusau wahalar samu yake yi.

Abin da ya rage shi ne buhun da Kawu Sani, direban babbar mota, ya kawo mana daga Inugu. Ya ce kwal ne, daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi, kuma da shi jirgin ƙasa yake tafiya a da. Gwaggo ta ɗauki ɗaya ta jinjina, ta ce, "Wanga ai dutsi na. Sani ya maishe mu mahaukata."

Hura wuta aikina ne. Na yi masa yadda muke yi wa gawayi, ya ƙi kamawa. Sai na cika murhun har baki, na cusa guntayen tsohuwar zana, ina fifitawa da faifai har hannuna ya sage. Da ya kama, ya fara da hayaƙi mai wari, sannan ya yi jajawur. Inna ta ɗora babbar tukunyar ƙasa. Mun saba gawayi kan lafa da kansa, wannan kuwa ƙaruwa yake yi. Ana cikin talge muka ji tas, gindin tukunyar ya rabe, komai ya malale cikin wuta.

Inna ba ta yi min faɗa ba. Ta kwashe rabin garwashin, ta aro tukunyar ƙarfe a maƙwabta, aka sake daga farko. Tuwo ya isa gona bayan la'asar, a lokacin rabin mutanen sun saɓa fartanya sun tafi da yunwa.

Yanzu na san akwai kwal jibge a Inugu da Kogi da Binuwai da Gwambe, kuma abin da ake haƙowa galibi masana'antun siminti ke ƙonawa. A ƙauyukanmu har yau itace ake sara, gayya ma ta yi wuyar gani. Kashi ɗaya cikin uku na gonar ne ya rage a ranar gayyar nan tamu, Baba ya ƙarasa shi shi kaɗai cikin kwana tara.