Kofin da Na Ɗaura wa Jan Zare

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta kwana ukun da wani tsoho mai busa ya yi a gidanmu na Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, bai taɓa abincina ba. Ni ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa, amma abin yana nan a idona kamar jiya.

Gidanmu masaukin fatake ne tun zamanin marigayi maigidana. Masu goro, masu shanu, masu kawo albasa kasuwar Bodija, duk nan suke sauka, ni ce mai tukunya. Wasiyyarsa gare ni guda ce: kada baƙo ya fita gidan nan da yunwa ko da ɓacin rai. Na riƙe ta shekara da shekaru, har ina yi wa matan unguwa gori da ita.

Wata Juma'a babban ɗana ya dawo masallaci da wani dogon tsoho, furfura fes, carbi a wuya, baƙi wuluk kamar mu. Ɗana ya ce Musulmi ne daga Amurka, ya zo ganin ƙasar kakanninsa, yana son ya zauna cikin 'yan'uwa maimakon otal. Na ce marhaba. Sai idona ya sauka kan wani baƙin akwati da ya rungume kamar jariri. Na ce, "Wancan fa?" Ɗana ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, abin busa ne. Kiɗansu ake kira jaz."

Nan take fuskata ta canza. Yadda muka taso, makaɗi a ba shi kyauta a wurin biki, a yi dariya, ya kama gabansa. Ga kuma Malam da ke karantar da dattawa a zaurenmu kullum bayan la'asar. Me za a ce? Gidan Alhaji ya koma gidan goge? Sai na yanke hukunci ba tare da shawarar kowa ba. Na ba shi ɗakin baya, na ce ya riƙa shige da fice ta ƙofar lungu. Na ɗauko wani kofin silba na ɗaura masa jan zare a hannu don kada ya gauraya da namu, wai bakin da ke busa ba zai haɗa kofi da masu karatu ba. Abinci kuwa na aika masa ɗaki shi kaɗai. Wannan ɗin dai al'ada ce, haka muke girmama baƙo, a ajiye masa kwano a ba shi wuri. Amma ƙofar da zaren, ba zan yi wa Allah ƙarya ba, raini ne tsagwaronsa.

Kwano ya dawo yadda ya tafi. Na ce ko tuwo ne bai iya ba, washegari na yi shinkafa da kaza. Ta dawo. Na roƙi maƙwabciyata Bayarabiya ta tuƙa mini amala da miyar ewedu irin tasu, har tana tsokanata wai yau Hajiya ta yarda hannun Yarbawa ya fi. Shi ma ya dawo ko cokali ba a sa ba. Ni kuwa ba abin da ke wuce idona a gidan nan. Ta taga na hango shi yana gutsurar busasshen burodin da ya sayo a Mokola, yana korawa da ruwan leda, ga kofina can gefe a kife. Ga shi tsoho mai shan magani. In ya faɗi a gidana fa?

Rana ta uku da hantsi na ji mai keke a lungu yana ta, "Oya, Baba, oya!" wato ya yi sauri. Na leƙa, ga jakar tsohon a bakin ƙofa. Na kira ɗana na ce, "Kai, baƙonka ina za shi?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Otal. Ya ce ya gode." Na ce, "Godiyar me, mutum bai ci loma ɗaya ba? Wuce mu je, ka faɗa masa abin da na ce, ka faɗa mini abin da ya ce. In ka rage ko ka sa gishiri, zan gane a fuskarka."

Na yafa mayafi na tsaya a ƙofar ɗakin. Na ce a tambaye shi ko abincina guba ne. Tsohon ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ɗaga kofin nan yana juya zaren da yatsa. Ya ce yana saurayi, a kudancin ƙasarsu, famfon shan ruwa biyu ne, na farare da na baƙaƙe. Su ne ke busa a manyan ɗakunan rawa, farare na tafa musu suna murna, amma ta ƙofar madafa suke shiga, kuma in an tashi a tsakar bola suke cin abinci a tsaye. Ya ce lokacin da mutanensu suka fito tituna suna neman a ɗauke su mutane, aka sakar musu karnuka da ruwan mesa, shi da abokansa busar nan suka riƙa yi gari gari suna tara kuɗi don a fito da waɗanda aka kulle. Shi ma an kulle shi, laifinsa ya zauna a kujerar gidan abinci ya ƙi tashi. Daga ranar ya yi alkawari tsakaninsa da Allah: ba zai ƙara ci ko sha a inda aka ware masa ƙofa da kofi ba. Ya ce, "Ban yi fushi da Mama ba. Na dai zaci a nan na iso gida."

Ɗana ya gama fassarawa. Ni kuwa ji na yi kamar an kwara mini ruwan zafi. Da sauƙi in fake da al'ada in ce duk girmamawa ce, kuma ɗana har ya soma faɗa masa haka don ya rufa mini asiri. Na ce, "Yi mini shiru! Ce masa kwanon girmamawa ne, amma ƙofar da zaren laifina ne." Na karɓi kofin daga hannunsa, na tsiyaya ruwa, na shanye a gabansa. Sannan na sallami mai keke, na shiga ɗaka na buɗe adaka, na ciro kofin marigayi wanda ba wanda ya taɓa tun rasuwarsa, na cika na miƙa masa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya kai kofin baki ya sha, wallahi sai da na yi wa Allah godiya.

Da azahar na sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, ya shigo ta babbar ƙofa da akwatinsa a hannu, ni kuma ina bayan labule gabana na faɗuwa saboda Malam. Ashe ni kaɗai ke haukata. Malam ya ji labarin, ya matsa masa wuri, suka sa hannu a tire ɗaya, har yana tsokanarsa, "Baba, ci a hankali, Hajiya ba ta ƙari!" Ranar na yi ƙari har sau biyu.

Bayan an tashi karatu ya nemi izinin busa. Na ce a gaya masa ya busa sau ɗaya, a tsakar gida, kuma da an kira magariba ya ajiye. Ya fito da wani ƙahon ƙarfe ruwan zinare mai lanƙwasasshen wuya. Na ce algaitar Turawa ce. Ya ce ƙarfen nasu ne, numfashin namu ne. Na zaci zan ji abin rawa. Sai na ji kamar mace na kukan ɗanta ƙasa ƙasa, can kuma muryar ta miƙe ta ƙi durƙusawa. Ban san sa'ad da na ajiye tsintsiyar hannuna ba.

Mako biyu ya ƙara yi, har ya yi kumatu. Har yau ba na son kiɗa a gidana, kuma ban fasa sa ido ba. Amma kofin nan mai jan zare shi ne nawa yanzu, da shi nake shan ruwa, na kuma hana a kwance zaren. Abin da na koya shi ne, ba a Amurka kaɗai ake gina ƙofar baya ba. Mace mai sallah da azumi ma tana iya gina ta a gidanta, da ɗan zaren da bai kai tsawon yatsa ba.