Shekarar da waken mahaifiyata ya murɗe

Shekarun baya can, lokacin da ƙafafuna ke kai ni gona ba tare da sanda ba, na kusa rasa irin waken mahaifiyata. Jikata ce ke danna muku wannan a waya, ni baki kawai na kawo. Ban taɓa zama a aji ba, kuma har yau ban ga abin da hakan ya rage ni da shi ba.

Waken nan mai ƙananan ƙwaya ne, fari, mai jan ido. Ba ya cin itace, kafin ki gama jajjage ya yi laushi. Ƙosansa kuwa, ko malalaciya ce ta buga ƙullun sai ya tashi. Mahaifiyata ta ƙulle min shi a bakin zane ranar da aka kawo ni ƙauyenmu na ƙasar Gwiwa, ita ma a hannun uwarta ta karɓa. Ku zagaye kasuwanninmu kaf, ba za ku same shi ba.

A waccan shekarar ƙwari suka shiga tulun da nake ajiye iri, duk da tokar da na zuba. Abin da na tsince mai kyau bai cika ƙoƙo ba. Da lokacin shuka ya yi na kwashe shi duka na kai gayaunata ta bayan gari, ko ƙwaya ban bari a ɗaki ba. Ya fito kuwa, kore shar, har masu wucewa suna tsayawa.

Sai darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar shuka, ta fara kama ganyen. Autana ya gani, shi kuma a lokacin ya sayi tankin feshi, irin wanda ake goyawa a baya, ba ya rabuwa da shi kamar mai jego da jariri. Bai faɗa min ba, ya je da sassafe ya fesa min maganin ƙwari, wai ya ba ni mamaki.

Ya ba ni kuwa. Bayan 'yan kwanaki na je na tarar da wake ya murɗe. Karan ya lanƙwashe kamar igiyar da aka tufka, ganyen ya naɗe ya koma kamar cokali. Bai bushe ba, bai yi ja ba, murɗewa kawai yake yi. Tun ina yarinya nake noma, na san fari, na san tsutsa, na san wuta-wuta. Wannan ban san shi ba.

Maƙwabciyata ta leƙo ta riƙe haɓa. Ta ce, "Yaya, wannan ba ciwo ba ne, hannu ne. Kin cika yabon waken nan a gidan biki."

Ni da nake ganin ba a yi mai wayona ba a ƙauyen, sai ga ni da yamma ina bin kunya-kunya da fartanya, ina neman inda aka binne min abu. Na tono kuwa. Tsohon silifa ne, ƙafar hagu.

Auta ya zo ya durƙusa, ya ce, "Inna, ki bari in sa garma a kife shi, in sayo miki iri ranar kasuwa. Damina ba ta ƙare ba."

Na ce, "Ka sayo min uwata a kasuwar ma, in ka gan ta."

Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa. Shi wake yake gani, ni kuma na san in garma ta bi ta kan gonar nan, irin ya ƙare a duniya, kuma a hannuna ya ƙare.

Ranar Juma'a jikata ta sauka daga babur, ta zo hutu daga makarantarsu ta Kazaure, inda take karatun haɗa sinadarai. Ita ce wannan mai rubutun, ga ta nan tana murmushi. Ta same ni ban ci abinci ba.

Ta ce, "Tsohuwa, wa ya mutu?"

Na ce, "Ke dai ƙawata, bar ni. Tashi mu je ki ga abin da ya fi ƙarfin bokonku."

Ta tsuguna a gonar ta daɗe tana juya ganye. Sai ta miƙe ta yi tafiya har ƙarshen gayaunar, ta dawo. Ta ce a kira mata kawunta, ya zo da tankinsa. Ta buɗe murfin ta ɗan kai hanci, ta kawar da kai.

"Kawu, me ka fesa da shi kafin waken Kaka?"

"Maganin ciyawa ne, a gonar dawa. Amma na ɗauraye."

"Da me?"

"Da ruwa mana. Da madara zan ɗauraye?"

Ta ce, "To ga mai hannun nan, Kaka. A bayan Kawu yake goye."

Na ce ta yi min bayani da Hausa, ba da yaren makaranta ba. Sai ta cire gammon da ke kaina ta ajiye a ƙasa. Ta ce in ɗauka asalin maganin zobe ne kamar wannan, ƙarami yadda ido ba ya gani, mai wuraren rataya shida. A makarantarsu aikinsu ke nan, su rataya wani abu a nan, su cire wani a can, kuma inda aka rataya shi ke sauya halin abin gaba ɗaya. Ta tsinci tsakuwa biyu ta ɗora a gefen gammon, ta ce wannan kulorin ne, ɗan'uwan wanda ake sa wa ruwan famfo. Ta jawo kara ta yi masa wutsiya. Ta ce da aka haɗa shi haka, sai ya yi kama da abin da shuka ke yi wa kanta don ta girma, amma shi ba ya saurin narkewa a jikinta. Mai faɗin ganye in ta sha, sai ta yi ta girma ba tsari har ta murɗe kanta. Dawa da gero masu siririn ganye suna iya da shi. Wake ba ya iyawa, ko ɗan abin da ya maƙale a roba da tiyo ya ishe shi.

Na ce, "Wato ba kashe shi aka yi ba, ingiza shi aka yi."

Ta ce, "Kin fi wasu 'yan ajinmu."

Na ce, "Wannan ai ba labari ba ne."

Sai ta tambayi kawunta sau nawa ya cika tankin. Ya ce sau biyu, ya fara daga bakin hanya. Ta ce shi ya sa na bakin hanya ya fi lalacewa, cikon farko ne ya kwashe yawancin dafin. Na can ƙarshe kaɗan ya samu. Ba ta yi min alkawari ba. Ta ce kar a kife, kar a ƙara fesa komai, in zuba ido a kan sabon toho. In ya fito a miƙe, akwai rai.

Na bakin hanya ya tafi, ban ma tsaya yi masa kuka ba. Na can ƙarshe na koma ina yi wa zarya safe da yamma, ina cire ciyawa da hannu. Rannan na ga wani ɗan ganye ya fito, shimfiɗe kamar tafin jariri. Na rangaɗa guɗa ni kaɗai a gona, har wani mai kiwo ya zaci amarya aka kawo.

Da kaka na samu abin da ya cika ƙwarya ƙarama. Ko ɗaya ba mu dafa ba. Auta ya sayi tanki na biyu, na ɗaure wa na ciyawa jan ƙyalle da hannuna, kuma har yau ba ya shiga gonar wake.

Abin da na ɗauka daga wannan, abu mai daraja ba a barinsa a tulu ɗaya, komai kyan tulun. Na ƙulla wa 'yata ta Roni, na aika wa ƙanwata a Babura, har maƙwabciyar nan mai maganar hannu na ba ta nata. Bara da ƙafa ta hana ni shuka, wata yarinya da ban sani ba ta kawo min ƙosai daga gidan suna. Ina kaiwa baki na gane shi. Na tambaye ta ina suka samo waken. Ta ce ai nasu ne, na gado.

Ban gyara mata ba. Na ce ta ƙaro min biyu.